Rasuwar Kunkuru, keken madubi na layi na uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da barci ya daɗe da yi wa ƙaura, ɗalibar digirin ƙarshe ta gidan nazarin taurari tana sanar da rasuwar abokin aikinta Kunkuru, keken madubin da ke tafiya a kan dogo a dogon ɗakin ƙasa.

Marigayin bawan Allah ne mai haƙuri. Hasken tauraro yakan faɗo kan manyan madubai da ke warwatse a kan tudu, ya biyo bututu, wani ya riga wani isowa. Aikin Kunkuru shi ne ya ja jiki a hankali yana tsawaita wa haske hanya ko ya rage, har hasken layinsa ya iso daidai da na 'yan uwansa kekunan sauran layuka, a haɗa su, fuskar tauraro ta fito. Bai taɓa gaggawa ba. Maganarsa duk ba ta wuce "ƙiii… tak" ba, amma saboda shi aka hana kowa takawa da ƙarfi a ɗakin kada madubinsa ya girgiza, har shugaban gida sanɗa yake yi.

Shekaru suka yi shi da ɗalibar suna bin wani tauraro marar natsuwa, wanda tsabar juyi ta sa ya baje kamar kabewa, sama da ƙasansa na ƙuna, ƙugunsa ya dusashe. Saura gefe guda hoton tauraron da suke haɗawa ya cika, ciwo ya zo. Ya fara da rawar jiki, sai taya ta riƙa cijewa. Injiniya ya ba shi mai, ya sauya bel ɗin da ke jan tayarsa, ya tofa abin da ya sawwaƙa. Kamfanin da ya haife shi kuwa ya daina ƙera irinsa tun tuni. Kunkuru ya cika a tsakiyar dogo, ko "tak" ɗin bai ƙarasa ba.

Ya bar 'yan uwa biyar, da rabin hoton da ba zai cika ba sai da hasken layinsa, da ɗaliba guda wadda wallahi ta gaji. Tauraron ya kusa shigewa bayan rana sai baɗi, wa'adin karatunta kuma ba zai kai baɗi ba.

Za a naɗe shi a leda ranar Litinin da hantsi, a kai shi sito kusa da matattun kwamfutoci. Ana karɓar gaisuwa a ofishinta, a yi haƙuri da kwalayen da take haɗa kayanta a ciki. Ana roƙon masu ta'aziyya, musamman kawunta da ya riga ya fara kiranta Dakta, kada kowa ya tambaye ta yaushe za ta gama.