Katin Likita a Tashar 'Yan Kabu-kabu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a kasuwar Illela ba. Har yau in na tuno ta ina cikin cin abinci, sai na ajiye cokali na ɗan rufe fuska.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a garin. Na ɗinka farar riga har biyu, kullum tana shan guga. Mutane suka fara kirana "Likita", ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba (alhali aikina bai wuce awon jini da cike kati ba). Shugabarmu ita ce Malama Hajara, dattijuwar nas, mai ƙarancin magana, wadda ta fara aiki tun ina rarrafe.

A kwanakin ne aka kawo allurar korona ta ƙari, wato wadda ake yi bayan ta farko da ta biyu don sabunta ƙarfinsu. Mutane da dama sun karɓi na baya, amma wannan kam shiru. Akwatin sanyi yakan fita da safe ya dawo da yamma kusan yadda ya fita. Ni dai na riga na yanke hukunci: jahilci ne, da jita-jitar da ake turawa a waya.

"Ka tambaye su?" in ji Malama Hajara.

"Malama, ai ba tambaya suke buƙata ba, wayar da kai suke buƙata."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to, ranar kasuwa in ɗauko lasifika mu je tare.

A nan ya kamata in faɗa muku wani abu, tunda na ce zan faɗi gaskiya. Ni kaina ban yi allurar ba. Albashina ba ya kai ƙarshen wata, abin da ke riƙe gidanmu wata 'yar gonar albasa ce da nake taya mahaifina yi a Amarawa. Allura ta biyu ta sa hannuna ya yi nauyi kwana biyu, ban iya ɗaga ko fartanya ba. Don haka sai na riƙa ɗagawa: bari a gama dashe, bari a gama ban ruwa, bari a cire. (Akwai kuma wani dalilin: ina iya yi wa mutum ɗari allura ban ƙifta ido ba, amma in aka nufo ni da ita, sai in fara neman hanyar gudu.)

Ranar Lahadi na fita ko koko ban sha ba, saboda ɗoki. Muka kafa tebur a gefen tashar 'yan kabu-kabu, inda masu babura ke jiran fasinjan Ƙonni ta ƙetaren boda, ga 'yan dako, ga 'yan canji riƙe da sefa, ga matan Fulani da ƙoren nono. Kasuwa ba ta gama farfaɗowa daga rufe boda da zaman gida ba. Babur ashirin kan mutum ɗaya suke rububi.

Na hau benci, na rataya lasifika a wuya, na buɗe baki. Allah Ya yafe mini. Na yi maganar ƙwayoyin cuta, na yi maganar garkuwar jiki, har Turanci na tsoma. Na ce kyauta ce gwamnati ta kawo har ƙofar gida amma mutane sun fi yarda da ƙarya. Na ce duk mai hankali ba ya wasa da lafiyarsa. Wannan kalmar ta "mai hankali" na maimaita ta ya fi sau uku.

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Baba Ummaru ke nan, ɗan dako, ya shekara talatin yana ɗora buhuna a wannan tasha. Ya sauke gammo daga kansa, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

"Likita, mu ba mu ce allura mugunya ta ba. Na yi ta hwari, na yi ta biyu. Amma da anka yi min ta biyun, kwana biyu ban ɗauki buhu ba. Kwana biyu kuwa ba a aza tukunya gidana ba, sai maƙwabta sunka taimaka. Ita allurar kyauta ta. Kwana biyun, wa ka biya?"

Wani mai babur ya karɓe: "Hannun da kuka soki, da shi nika riƙon kan mashin. In na kwanta, ɗiyana mi za su ci?"

Maimakon in saurara, sai na yi murmushin masu ilimi. Na ce ɗan ciwon hannu ai ba komai ba ne, namiji ba ya tsoron wannan.

"To madalla," in ji Baba Ummaru. "Kai ka yi taka?"

"Tun tuni!" Da lasifika na faɗa, har masu awaki suka waiwayo.

"Nuna muna katin allurar, mu ga yadda shike."

Da ina da wayo da na ce na baro shi gida. Amma hannuna ya riga kaina, ya zaro shi daga aljihun farar rigar. Ina ƙoƙarin ɗaga shi daga nesa, da yatsana a kan layi na uku, inda ake rubuta allurar ƙari, sai wata tsohuwa mai nono, wadda ake kira Inna Wuro, ta miƙe ta zare shi a hankali. Ta juya shi sama, ta juya ƙasa.

"Ɗan nan, ni ban iya karatu ba," ta ce, "amma na san wurin da ba a rubuta komi ba."

Tashar ta fashe da dariya. Wani ya riƙa danna hon. Na waiwayi Malama Hajara ina neman ceto. Ita kuwa ta riga ta buɗe akwatin sanyi, tana zuƙar magani a sirinji, ba ta ko kalle ni ba.

"Zauna, Likita," ta ce. "Naɗe hannun riga."

Na zauna. Na ce a raina, yanzu zan wanke kaina, in nuna musu jarumta. Abin da na manta shi ne lasifikar tana wuyana a kunne. Sanyin auduga kawai na ji, allura ba ta ma taɓa ni ba, na saki: "Wayyo Inna!" Daga baya aka ce min har a kara, inda ake cinikin shanu, an ji. Malama Hajara ba ta fasa ba, ta soka min allurar. Da tsoro da yunwa da rana suka haɗu, sai na ga rumfuna suna juyawa.

Na farfaɗo kaina a kan buhun gero. Inna Wuro na yi min fifita da faifai, tana ɗura min fura a ludayi. "Ka kira Inna, ga Inna ta zo. Sha, ɗan nan." Baba Ummaru na riƙe da takalmina da ya fita. Babu mai dariya kuma, sai "sannu Likita" ta ko'ina, wanda ya fi dariyar ciwo.

Da na zauna sosai, Baba Ummaru ya tambaye ni abin da ya hana ni yi tun farko. Ba ni da sauran abin ɓoyewa, sai na faɗa masa zancen albasa.

Ya dafa kafaɗata (ta wajen allurar, ba da gangan ba). "Ashe kai ma namu na. To mi yas sa ka hau benci?"

Shi ne ya ba Malama Hajara shawara: a daina zuwa musu ranar kasuwa, ranar da kowa ke neman na mako. A zo ranar Alhamis bayan la'asar, tunda Juma'a aiki ba yawa, hannu ya huta. Aka kuma yarda kowa ya zaɓi hannun da za a yi masa. Alhamis ɗin da ta biyo, shi ne na farko a layi, ga masu babura a bayansa. Ba duka suka zo ba. Wasu sun ce ko Juma'ar ba za su iya sadaukarwa ba, kuma wannan karon ban ce wa kowa komai game da hankali ba.

Ni kuwa hannuna ya yi nauyi kwana biyu cif, mahaifina ya yi ban ruwa shi kaɗai yana faɗa. Sunan "Likita Wayyo" kuma ya bi ni. Har ranar aurena, da ayarin masu babura suka zo rakiya, shi suka riƙa kira, surukaina na tambayar ma'anarsa.

Abin da na koya bai da yawa. In mutum ya ce min "sai wani lokaci", yanzu nakan zauna in tambaye shi me zai rasa in ya yi yau. Sannan kafin in gaya wa jama'a abin da mai hankali ke yi, nakan fara tabbatarwa ni na yi shi, in kuma karya kumallo.