Kokon da Na Dama a Gaban Makirufo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ce wa masu sauraron rediyo su duba ba. Mako na uku ke nan da aka ba ni gwajin shirin kimiyya a wani gidan rediyo a Abuja, kuma oga ya ce daga shirin ranar zai yanke ko shirin ya zama nawa.

Batun kuwa na iya shi. A ƙarƙashin jerin tsibirai masu aman wuta, ɓawon duniya na ƙasan teku yana nutsewa ƙarƙashin wani ɓawon, ya saki ruwa, ruwan ya sa dutsen da ke samansa ya narke. Wannan narkakken dutse baƙi ne, mai ruwa-ruwa. Idan ya taso ya tarar da wani mai kauri, suka gauraya, sai a samu na tsaka-tsaki. Baƙuwata, Madam Ladi, malamar ilimin duwatsu 'yar Filato, ta ce bayanin ya yi.

Da na tsaya nan, da na fita da mutuncina. Sai na zaro kofi biyu (tun daga gida a Masaka na yi dakon kayan, ina ta yaba basirata): koko tsararo mai zafi, da kunu mai kauri da ya huce.

"Jama'a, ku duba da kyau," na ce. Na tsiyaya wannan a kan wancan, na shiga juyawa da cokali. Na nutsu, ban ƙara cewa uffan ba. Madam Ladi tana ta nuna mini makirufo, ni kuwa na ɗauka jinjina take yi mini.

Sai waya ta shigo, wani mai sayar da katako daga Dei-Dei.

"Oga, mu duba ina? Tun ɗazu nake kallon rediyo, ƙarar cokali kawai nake ji. Shayi kuke sha ba tayi?"

Madam Ladi ce ta cece ni. Ta leƙa kofin ta ce, "Malam, gaya musu abin da ke ciki." Na ce gudaji ne, abin ya ƙi haɗuwa. Ta ce a can ƙasa ma haka yake, mai zafi da wanda ya huce ba sa gauraya cikin sauƙi, shi ya sa ake ganin baƙaƙen dunƙule a jikin irin wannan dutse.

Oga ya bar mini shirin, amma ya hana shiga ɗakin watsa shiri da abinci. Har yau Mai Koko masu gadi suke kirana. Na dai koyi cewa a rediyo, abin da baki bai faɗa ba, bai faru ba.