Wa Zai Kai Inna Seru

"Lafiya lau. Ina gajiyar hanya? Ya mutanen Paraku? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya iyali? Ya bauta?"

Talle ya saki hannun Ishaƙu. Kullum a nan gaisuwarsu take ƙarewa. Ishaƙu ɗan kawunsa ne, wato ɗan namiji, shi kuwa Talle ɗan mace. Bisa al'adar taubasai, Ishaƙu yakan ce Talle bawansa ne. Talle kuma tun suna makarantar allo bai taɓa amsa wannan suna ba ko da wasa, duk da cewa abin gaba ɗayansa wasa ne.

Yau dai ba sunan ne ya dame shi ba, abin da ke tsaye a ƙofar gidan kakarsu Inna ne, a nan Jugu. Tsohuwar akori-kurarsa ce, irin wadda ake ce wa bashe, wadda ya yi dakon goro da ita tun kafin Dahome ta sami 'yanci, har ta gaji ta kwanta, kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Ranar wani cika-ciki Ishaƙu ya zo ya ce kayan bawa na ubangida ne, ya sa aka ja ta zuwa Paraku. Talle ya yi dariya, har igiyar ja shi ya bayar, don a lokacin ya sayi sabuwa mai ƙyalli.

Ga ta yanzu ta dawo, ta fi shi tsawo. Kuma labari ya riga ta isowa: Inna za ta suna wani ƙauye bayan Seru, tsakiyar damina, ta aika Paraku a kawo mota ba tare da ta gaya wa Talle ba. Shi kuwa tun da ya fara riƙe sitiyari, Inna ba ta taɓa zama gefen wani direba ba.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Talle. "Rumbu ka yi wa ƙafa?"

"Ba ka gane ta ba? Ita ta gane ka. Tun daga kwanar kasuwa take tari, ta jiyo warin wanda ya bar ta da yunwa."

"A hannuna mutuniyar kirki ce, tana tafiya kusa da ƙasa kamar mai kunya. Ta je Paraku ta koyo ɗaga kai."

"Lam na ƙara mata," in ji Ishaƙu, yana shafa jerin ƙarafan da ke ɗauke da motar a kan taya. "Na wani kamyo ne, babbar motar kaya, da ya mutu a bayan tashar jirgi. Tayoyin kuma na motar daji ne."

"Ka ce dai ka yi wa gawa sata."

"Gado ake cewa. Leƙa ƙasa ka gani."

Talle bai yi niyyar leƙawa ba, amma gwiwoyinsa ba su nemi shawararsa ba. A ƙarƙashin injin akwai faifan ƙarfe mai kauri, an lanƙwasa shi an ɗaure. Ya bi waldar da ido yana neman inda ta yi muni. Bai samu ba. Wannan ya ɓata masa rai fiye da komai.

"Ƙofar wani shago ce," in ji Ishaƙu daga sama. "Mai walda a Turu ya gyara mini ita. Dutse ya buga, dutsen ne zai je asibiti."

"Shagon fa, da me yake kwana yanzu?"

"Da addu'a."

Talle ya miƙe ya kaɗe wando. "To wannan bututun da ya hau har rufi da murfin kwano a ka? Tuwo ake tuƙawa a ciki?"

"Hancinta ne. Ta nan take shaƙar iska. Ruwa ya kai mata wuya, ita tana numfashinta."

"Dogon hanci dai na gidanku ne. Har mota kun shafa wa."

"Hancin ubanni ne. Ku 'ya'yan mace sai abin da aka rage."

Tsofaffin da ke kan tabarma a ƙofar masallaci sun daina tasbihi da ƙarfi, don kada ya hana su ji.

"Ka yi ɗawainiyar banza," in ji Talle. "Inna tana da direbanta."

"Tana da shi bara. Har yanzu mutanen Seru na ba da labarin. Sun ce wata sabuwar mota ta kwanta a laka kamar saniya mai naƙuda, aka ƙarasa da tsohuwa a keken shanu, direba na biye a ƙasa da takalmi a hannu."

"Ruwan bara daban ne."

"Haka shanun suka ce."

Talle ya sake zagaya motar. Ya buɗe ƙofar gaba, ya ga dokin ƙofar ya kawo masa wajen ƙugu. Nan zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, karon farko tun safe.

"Yallabai mai hikima. Ta ina Inna za ta hau?"

Ishaƙu ya dubi ƙofar, ya dubi ƙasa, ya sake duban ƙofar.

"Sai in ɗaga ta."

"Ka ɗaga Inna a gaban unguwa kamar buhun doya? Ina so in ga wannan."

"A kawo tsani."

"Tsohuwa mai ciwon gwiwa a kan tsani. Kun yi tunanin dutse, kun yi tunanin ruwa, kun manta da mutum. Ai ko yaro ya san sai a ja ta da baya a manna ta da dakalin nan, ta tako daga sama."

"Madalla. Amfanin bawa ke nan."

Talle ya ciji leɓe. Makami ɗaya ya samu, ya miƙa shi kyauta.

"Ba ni makullin in manna maka ita," ya ce, kamar abin bai dame shi ba. "Kai za ka rushe dakalin."

"Ba na ba baƙo makulli."

"Ni ne baƙo? Kujerar nan ramin da ke jikinta nawa ne."

"Mutum biyu ke taɓa sitiyarin nan, mai mota da bawansa. Kai ba mai mota ba ne, ka ba da ita har da igiya. Ɗayan kuma ka ce ba kai ba ne." Ishaƙu ya yi miƙa, ya kaɗa makullin a yatsa. "Ni ma na gaji. Da ina da bawa, da na miƙe ƙafa ya tuƙa har Seru. Allah bai ba ni ba."

Talle ya tuna da goron Inna. Inna tana da wata ɗabi'a: in mota ta bar gari, takan kwance bakin zanenta, ta fasa farin goro, ta miƙa wa direba rabi ba tare da ta dube shi ba. Ya hango rabin goron nan a hannun Ishaƙu. Ya hango Ishaƙu yana taunawa da baki buɗe.

"Ni ne," ya ce a hankali.

"Injin ya ɓata mini kunne."

"Na ce ni ne."

"Kai ne wa?"

"Bawanka ne ni, ranka ya daɗe. Kawo makullin."

Wani tsoho a ƙofar masallaci ya ce sun shaida. Ishaƙu ya ɗora makullin a tafin Talle da hannu biyu, kamar mai naɗa sarauta.

Talle ya ɗare ciki da ƙyar. Motar ta tashi bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi masa ba, ya ƙudurta ba zai yafe mata ba. Ya ja ta da baya har ta shafi dakali. Inna ta fito da sandarta, ta hau dakalin, ta tako cikin motar kamar mai shiga ɗakinta.

"Maigidana, me ya tsai da kai tun ɗazu?" ta ce da Talle, sannan ta leƙa ta taga. "Ishaƙu, kai kuma me kake jira? Na ce ka kawo wa Talle motar ya kai ni. Ni da raina ba zan zauna gefenka ba, kana tuƙi kana gaida kowa da hannu biyu."

Talle ya juya a hankali. "Haka ta aiko maka?"

Ishaƙu ya riga ya haye baya cikin kayan suna, dariya ta hana shi tsayuwa daidai. "Hanyar Paraku da nisa. Saƙo yakan zube."

Sai dariyar ta kama Talle shi ma. Inna ba ta jira a bar gari ba. Ta kwance bakin zane, ta fasa goro, ta miƙa masa rabi.

Aka ƙwanƙwasa rufin mota daga baya. "Bawa, mu je."

"To, ranka ya daɗe," in ji Talle, ya jefa goron a baki. Ya ce wa Inna ta riƙe da kyau, sannan ya saki motar gaba ɗaya. Ubangida ya zauna cikin tasar gumba.