Yadda Ake Kai Mura Gidan Suna

Taƙaitaccen bayani: A ƙarshen daminar bana, Malam Na'Allah, dattijo mazaunin Tambuwal, ya ɗauki murarsa ya kai ta garin Fakku, wurin sunan ɗan Zahara'u, 'yar ƙanwarsa, ya kuma raba ta ba tare da nuna bambanci ba. Bisa aikinsa aka tsara wannan jagora. Duk wanda ya bi ta sau da ƙafa, ina ba shi tabbacin samun sakamako.

1. Raina ta.
Idan ka tashi da zazzaɓi, hanci na zuba, kada ka kuskura ka kwanta. Mai ɗakinka za ta ce, "Malam, ka zamna gida, a kira su a waya." Ka ba ta amsar da Na'Allah ya bayar: "Mi? Ɗiyata ta haihu, a ce ba a gan ni ba? Yaushe mura ta zama ciwo?"

2. Zaɓi kujerar tsakiya.
A cikin motar haya, ka roƙi a rufe tagogi duka, domin iska na cutar da mai mura. Takunkumin fuska kuwa ya zauna a aljihu, kada fasinjoji su zaci ƙyamarsu kake yi.

3. Yi atishawa a sarari.
Gaskiya ne malamai da ma'aikatan lafiya sun haɗu a kan a rufe baki. To amma wanda ya danne atishawarsa cikin hankici, wa zai ji shi har ya ce masa yarhamukallahu? Idan rufewar ta zama dole, yi amfani da tafin hannun dama. Za ka buƙace shi yanzu.

4. Gaisa da kowa.
Kada ka tsallake hannu ko ɗaya a zaure. Neman ruwa da sabulu a gidan mutane zargi ne. Idan fura ta zo, ka fara sha, tunda kai ne babba, sannan ludayin ya zagaya.

5. Nemi jaririn.
Nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Mai jego za ta gwada dabara, kamar yadda Zahara'u ta yi:

"Kawu, na ga jikin naka sai a hankali. Ka sa mai albarka daga nan, zai isa."

"Ke Zahara'u! Hannun ga ya ɗauke ki kina cikin tsumma. Miƙo shi nan."

Za ta miƙo. Kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba, kuma da kunyar ka dogara. Ka matso da shi kusa, ka tofa masa addu'a a fuska, ka maimaita.

Sanarwa: Marubuci ba shi da hannu a cikin abin da zai biyo baya. Mai ƙorafi ya kai wa zumunci.

Abin da aikin ya ci:
Direban motar da fasinjoji huɗu, a kwance.
Mai raɗa suna, murya ta dishe.
Geron gidan, a tsaye a gona, babu mai girbi.
Zahara'u, zazzaɓi, ga shayarwa.
Kamilu, jaririn, yana gadon asibiti, numfashi da ƙyar.
Na'Allah, babu asara. Tarin bai sake shi ba tukuna, amma ya ce gobe zai je dubiya.