Foniks Safe da Yamma

Allah Ya yi wa unguwarmu Nima baiwa iri-iri. Akwai masu waakye, wato shinkafa da wake, da ake bin layinsu tun daga bakin titi, akwai malamai, akwai 'yan ƙwallo. Amma duk cikin baiwar nan babu wadda ta kama ƙafar Malam Garuba, Ciyaman na Iyayen Yaran Aji Ɗaya, Gadar Ilimi, Bakin Madam, Kunnen Talakawa. Sunayen nan duka shi ya raɗa wa kansa, don ya hutar da mu wahalar tunani. Mu dai Baba Hatimi muke ce masa, in ya ba da baya.

Sana'arsa cike wa mutane fom a ƙarƙashin wata lema kusa da tashar tirotiro, motocin hayar garin nan. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana rubuta sunayen jama'a da manyan baƙaƙe, wa zai koya masa harkar ilimi? Biro huɗu ne a aljihunsa, ɗaya ke rubutu. Yana da hatimin roba da aka sassaƙa masa a kasuwar Makola, kuma duk takardar da ta gifta gabansa sai ta sha shi. An ce ya taɓa buga wa katin ɗaurin aure.

Malamar aji ɗaya a makarantar unguwarmu Madam Adisa ce, sabuwa, mai sanyin magana. Kowace Juma'a takan maƙala 'yar takarda a littafin kowane yaro. Layi uku ne: abin da aka koya a makon, da abin da za a maimaita a gida. Wanda bai iya karatu ba ya miƙa wa maƙwabci.

Ciyaman ya ga takardar nan, ransa ya ɓaci saboda mu.

"Layi uku!" in ji shi. "Ilimi ne ko adireshi? Madam, mutanen nan ba za su gane ba sai an narka musu. Daga yau takarda ta biyo ta ofishina."

Madam ta dubi furfurarsa, ta kasa musu. Daga ranar takarda ta daina shiga littafin yara. Guda ɗaya ake kai wa ƙarƙashin lema, ta sha hatimi, sannan Ciyaman ya narka mana ita da muryarsa a zauren WhatsApp na iyaye.

Saƙon farko minti ashirin da uku ne. Bakwai na gaisuwa. Tara na tarihin yadda ya kusa zama lauya. Sannan ya yi gyaran murya ya shiga aiki.

"Iyaye maza da iyaye mata, bisa binciken da ni da Madam muka gudanar, an gano yaranku suna fama da ƙarancin foniks. Foniks! Wanda ya iya rubutu ya rubuta. Dole a ba kowane yaro foniks safe da yamma, ba fashi. Ni a gidana, 'yata Wadia ba ta kwana sai da shi. Wanda bai gane ba ya same ni a ofis, a lokacin aiki."

Mma Awabu mai ƙosai ta saurari saƙon da waya a cikin ɗankwali, hannunta a kan matsami. Dama 'yarta Hafsa ta fara kuka kullum da safe, tana cewa ba za ta je makaranta ba, don 'yan ajinsu suna kiran baƙaƙe ita kuwa sai kallo. Ashe ciwo ne! Ashe wani abu ya yi ƙaranci a jikin yarinya, ita tana nan tana mata faɗa.

Ta bar tukunya a hannun maƙwabciya, ta shiga kemis-kemis. Na farko ya ce ya ƙare jiya-jiya. Na biyu ya tambaye ta na ruwa take so ko na haɗiya. Sai can a unguwar Kotobabi wani mai kemis ya yi dogon tunani, ya miƙo mata kwalbar man kifi. Mako biyu Hafsa tana shan cokali safe da yamma. Fatarta ta yi sheƙi, gyatsarta ta kori kowa daga ɗaki, amma ko baƙi ɗaya bai shiga ba.

Mako na gaba Madam ta rubuta a sa yara su ƙirga murafun kwalba ashirin. Da Ciyaman ya narka, ya zama "samar da na'urorin lissafi na zamani a matakin iyali." Wani mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie ya turo ɗansa makaranta da sikeli.

Mma Awabu ta gaji. Ranar Litinin ta ɗaura zane, ta riƙo hannun Hafsa da kwalbar da ta kusa ƙarewa. Ciyaman yana bakin ƙofar makaranta, inda yakan tsaya kowace safiya yana duba takalman yaran mutane.

"Mma Awabu, ina zuwa? Kin shigar da takardar neman ganawa?"

"Baba Ciyaman, matsa mini. Na bar mai a wuta."

Ta wuce ta ƙarƙashin hannun rigarsa.

Madam Adisa ta ga kwalba, ta ji bayani. Ta fara dariya, sai kuma ta dubi idon Hafsa, dariyar ta tsaya. Ta kama hannun uwar da hannu biyu.

"Mma, ki yafe ni. Laifina ne da na bari magana ta yi zagaye kafin ta iso ki. Foniks ba magani ba ne. Kukan baƙaƙe ne kawai. In kin jefa ƙullu a mai, me kike ji?"

"Sssss," in ji Mma Awabu.

"To shi ke nan." Madam ta zana wani baƙi mai lanƙwasa a bayan kwali. "Wannan haka yake kuka. Ki rataye shi kusa da murhu. Duk jefi ɗaya, Hafsa ta nuna shi ta faɗa."

"Shi ke nan abin? Shi na je nema har Kotobabi?"

Kafin Juma'a Hafsa ta gano baƙin nan a buhun sukari, a bayan tirotiro, a jikin rigar wani mai sayen ƙosai. Ta daina kukan safe. Labari ya bi gida-gida, mata suka fara tsayawa ta tagar aji suna tambayar Madam baki da baki. Saƙonnin Ciyaman suka taru a wayoyi ba mai buɗewa. Ya ce wannan alama ce ta girmamawa, mutane suna adana su ne.

Sai Madam ta kira iyaye duka ranar Asabar da safe, a cikin ajin, tare da yaransu. Ciyaman ya sanar cewa shawararsa ce. Ya zo da babbar riga mai sitaci wadda sai da ya karkace kafin ya shiga ƙofa, ya tsaya gaban allo.

"Uba na gari," ya ɗaga yatsa, "shi ne wanda ya san abin da ɗansa ya koya jiya da abin da zai koya gobe. Akwai iyaye a ɗakin nan, ba zan kama suna ba, waɗanda ko launin littafin 'ya'yansu ba su sani ba. Abin kunya! Ku dube ni ku ɗauki darasi."

Muka dube shi. Da ya ja numfashi don shiga shafi na biyu, Madam ta yi sauri ta ce kowa ya je ya zauna kusa da ɗansa, a buɗe littafi tare.

Aka yi ta jan kujeru. Mma Awabu ta matse kusa da Hafsa. Mai albasa ya durƙusa gefen ɗansa. Ciyaman ya bi layi na farko yana murmushi, hannu a baya. Ya bi na biyu. A na uku murmushin ya ragu. Ya leƙa bayan ƙofa.

"Madam, ina Wadia? Latti ta yi? Yau uwarta za ta ji daga gare ni."

Madam ta buɗe rajista, ta bi da yatsa har ƙasa, ta sake bi. "Baba, ba ni da Wadia a ajina."

"Kuskuren ofis ne. Yanzu zan gyara."

Ya zaro waya ya kira matarsa Luba, ya buɗe murya yadda kowa zai ji yadda ake tafiyar da gida.

"Luba! Me ya hana Wadia zuwa taron aji ɗaya?"

"Wane aji ɗaya kuma, Baban Wadia?" Muryarta ta cika ɗakin, da ƙarar wanke-wanke a baya. "Yarinya tana aji uku. Na faɗa maka bara, na faɗa maka bana, ka ce kana mitin."

Ciyaman ya danna wayar sau uku kafin ta mutu. Mma Awabu ko kai ba ta ɗago daga littafin Hafsa ba.

"Kada kowa ya yi dariya," ta ce. "Yarinyar ai ta wuce. Uban ne ya maimaita aji."