Batu na Uku: Maganar Sakatare

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙarfe goma da minti ashirin da biyar na safiyar wata Asabar, a ofishin darektan lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu a Filinge. Mu huɗu ne a ɗakin. Akwai Mushe Sumana, darekta (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci). Akwai Alhaji Gado mai sayar da gero, shugaban kwamitin iyayen yara. Akwai Hajiya Tani, wakiliyar uwaye mata. Sai ni, sakataren kwamiti, da alƙalumana biyu, ja da shuɗi, da babban kaye, littafin da nake rubuta rahoton taro a ciki. Na san lokacin daidai domin ni na rubuta shi da hannuna.

Amma bari in bi da ku daki-daki, don ba a fara gini daga rufi.

Karatuna bai yi nisa ba, a sertifika na tsaya, takardar gama firamare. Sai dai shekara tara ina riƙe da kayen nan ba a taɓa samun gyara a ciki ba. Ni na kawo dokar cewa duk abin da aka faɗa a taro sai ya shiga kaye, abin da ya shiga ba a goge shi, kuma za a karanta shi gaban babban taron iyaye. Na kawo ta ne saboda wani tsohon shugabanmu mai faɗin magana ranar Asabar ya musanta ta ranar Litinin. Har lamba na bi na sa wa kowane shafi da jan alƙalami, don kada a yage. Ni ne kuma na tsaya kai da fata sai da aka hana ɗalibai zuwa lakwal da salula. (A jawabina na ranar na ce waya ba ta lalata kowa sai mai ƙaramin hankali. An tafa mini.)

To, wata rana sai ga saƙo a wayata daga lambar da ban sani ba. Wata mata ce, wai Madam Kilodin, wai tana aiki da wani porje, wato shirin agaji, mai raba wa makarantu bencina, kuma wani babba a Yamai ne ya ba ta lambata. Yaranmu na aji biyu a kan tabarma suke zama, saboda haka na amsa mata da ladabi.

Satin farko maganar benci muka yi. Sati na biyu, benci da ina gajiya. Sati na uku babu benci ko ɗaya. Na ɗauki hoton jerin sunayen ɗalibai na aika mata, ta ce rubutuna ya nuna ni mutum ne mai tsari, irin wanda mata ke nema ba su samu. Shekara tara ina rubutu a garin nan ba wanda ya taɓa yaba mini. Na aika mata hotona na Sallah, da babbar riga. Ta ce kamar prefe, babban jami'in gwamnati na yankinmu. Na fara sayen mega na intanet sau biyu a sati. Na tono ɗan Faransancin da ya rage mini na lakwal, har na kai ga rubuta mata "ma sher" a farkon kowane saƙo.

Ranar wata Talata bayan azahar, matata Zali ta tafi suna a garin Bonkuku, ina zaune a ɗaki daga ni sai singileti, ba ko hula, sai madam ta kira ni kiran bidiyo. Na ɗauka. Abin da ya fito a gilashin wayar ba benci ba ne, kuma babu tufafi a jikinsa. Da zan ce na kashe nan take, da na yi ƙarya. Na duba. Na aje wayar a cinya, na cire tabarau, na goge da bakin singileti, na mayar, na sake dubawa. Na ga bakinta yana motsi amma ba na jin komai, sai na yi abin da na saba yi da waya tun da aka ƙirƙiro ta: na kanga ta a kunne ina cewa alo. Na jima a haka kafin kiran ya yanke.

Kafin la'asar madam ta zama namiji. Wani ƙato ne ya aiko da saƙon murya, ya ce ya naɗi komai. In ban tura masa jikka ɗari biyu kafin Litinin ba, zai sa bidiyon a zauren iyaye na cikin waya, wanda ni ne mai kula da shi. Ya jero sunayen mutanen zauren, har da Alhaji Gado da yayan Zali. Sannan ya turo bidiyon don in gani da idona.

Ban buɗe ba. Na farko, ba a duban haram sau biyu. Na biyu, yana cin mega. Na uku, kuma shi ne na gaskiya, tsoro nake ji.

Kwana biyu ina shiga rumbu ina kallon geron da ya rage mana zuwa damina. Sai na tuna na taɓa ji a rediyo cewa irin waɗannan mutane in ka ba su sau ɗaya ka zama gonarsu. Na ce to, abin da yake riƙe da shi asiri ne. In na riga shi tonawa, me ya rage masa? Na tsara abin kamar haka: Allah tukuna, sannan Zali, sannan kwamiti.

Na Allah ya fi sauƙi, don ba ya katse mutum. Ranar Juma'a na tarar da Zali tana tankaɗe a tsakar gida.

"Zali, aje rariyar nan. Ina da magana mai kai ukku."

"Malam, in ta gishirin miya ce, na ji ta jiya."

Na faɗa mata duka, a jere. Ba ta aje rariyar ba.

"Ita matar, ta gan ka ba hula?"

"Ta gani."

"Kuma ba ta kashe wayar ba? To lalle kuɗɗi take so." Ta karkaɗe gari. "Mi kake ce mata a saƙon?"

"Ma sher."

"Mi ke nan da Hausa?"

"Wato kamar a ce... masoyiyata."

"Allah sarki. Shekara ashirin da shidda ni 'ke' aka ce mini." Ta ƙara gari a rariya. "Ka buɗe bidiyon?"

"Ba a duban haram sau biyu."

"Na farkon ai har tabarau ka goge."

Ta ce in buɗe in gani tukuna. Ban bi shawararta ba. Ku riƙe wannan.

Washegari Asabar akwai taron kwamiti, kuma ni ke tsara jerin batutuwa. Na rubuta: batu na ɗaya, awakin da ke shiga filin lakwal. Batu na biyu, zanar ajin rumfa da iska ta kwashe. Batu na uku, maganar sakatare. Batu na huɗu, sauran batutuwa. Awaki sun ci minti arba'in, zana ta ci ashirin da biyar, ni kuwa ina ta rubutu. Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar Alhaji Gado ya ce, "To Malam, mi ya samu sakatare? Kaye ya cika?"

Na miƙe tsaye na fara. Matsalar ita ce ni ne mai magana, ni ne kuma mai rubutu. Sai in faɗi jimla biyu a tsaye, in zauna in rubuta su, in sake miƙewa. Na faɗi satin farko, na zauna. Na faɗi hoton Sallah da maganar prefe, na zauna. Da na zo kan "ma sher" Hajiya Tani ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Malam, don Allah aje alƙalamin ga tukuna," in ji Alhaji Gado.

"Doka ce, Alhaji."

Na faɗi singileti. Na faɗi goge tabarau (har yau ban san abin da ya kai ni faɗin wannan ba, don ba wanda ya tambaye ni). Na ƙare da cewa mutumin da ya hana yara waya bai cancanci riƙe kaye ba, don haka na aje aiki. Na rubuta wannan ma, na ja layi a ƙarƙashi.

Mushe Sumana, wanda Bazabarme ne mai sanyin hali, ya ce, "Kala suru, Malam, yi haƙuri. Amma ba a karɓar murabus sai an ga hujja. Ina bidiyon?"

Na miƙa masa wayar kamar mai miƙa wuya ga mahauci. Hajiya Tani ta juya fuska bango. Alhaji Gado ya yi a'uzubillahi, ya matso da kujerarsa. Mushe ya sa tafin hannu ya rufe ɓangaren madam, ya bar nawa a buɗe, ya danna.

Da farko rufin kwanon ɗakina ne ya fito, ya daɗe. Sai wani abu mai rami biyu ya gifta, wanda daga baya muka gane hancina ne. Daga nan sai kunne. Kunne ɗaya, na hagu, ya cika ɓangarena na gilashin, da ƴan gasunsa, har ƙarshen bidiyon. Sai muryata, a sarari: "Alo, madam? Alo? To, maganar bencin fa? Guda nawa za mu samu?" Sau huɗu na maimaita. Ashe kunya ce ta hana ni samun abin faɗa, bakina ya koma kan abin da ya sani.

Wata akuya ta yi kuka a waje.

"Wanga kunnen wa ne?" in ji Alhaji Gado.

"Nawa ne."

"Wallahi ko inna da ta haife ka ba ta shaida shi."

Hajiya Tani ta juyo tana share hawaye. "Malam, da wanga kaɗai aka turo muna, ai da sai mu ce a ba ka lambar girma. Mace tsirara gabanka, kai kana ta benci. Wa ya aike ka ka hwaɗi tabarau?"

Mushe Sumana ya ce wannan madam ɗin ta rubuto masa shi ma watan jiya, da wani abokin aikinsa a Imanan, suka toshe lambar. Ya ce zai raka ni wurin jandarma mu kai rahoto. Alhaji Gado, wanda ya sayar da bijiminsa bagatatan kwanan baya ba tare da kowa ya san dalili ba, ya ɗaga hannun Mushe kaɗan ya leƙa, ya ce, "Doguwa ce, fara, ko?" Muka dube shi. Ya ce, "Tambaya kawai na yi." (Wannan ma na rubuta. Doka ce.)

Kwamiti ya ƙi karɓar murabus ɗina. Sai aka zo kan kaye. Alhaji Gado, da wani zafi da ban san shi da shi ba, ya ce a yage shafin. Hajiya Tani ta ce a yage, rufin asiri ibada ne. Na kama bakin shafin da yatsu biyu. Shafi na arba'in da bakwai ne, da jan alƙalami, da hannuna. In na yage, daga arba'in da shida sai arba'in da tara, kuma ni na koya wa iyayen garin nan duba lamba. Na saki shafin.

Ranar Litinin ƙaton ya cika alkawari, ya sa bidiyon a zauren iyaye ta hanyar wata lamba da ya kutso da ita. Na goge shi da sauri, amma mutum biyu sun riga sun gani. Ɗaya ya tambaya yaushe bencin zai iso. Ɗayan ya ce ko wane ne mai kunnen nan ya ga wanzami.

Da abin ya tsaya nan, da na tsira. Amma sati uku bayan haka aka yi babban taro ƙarƙashin itacen bedin lakwal, iyaye maza da mata, da yayan Zali a sahun gaba. Na tashi na karanta rahoto tun daga awaki. Da na iso batu na uku ban tsallake ko harafi ba, da muryar da nake karanta komai. Wani tsoho mai nauyin ji ya ce a maimaita wurin tabarau, bai ji ba. Na maimaita.

Har yanzu ni ne sakatare. Tun daga ranar, magidanta uku sun same ni a ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da labarin wani abokinsa da wata madam ta rubuto wa. Nakan ce su gaya wa abokin kada ya tura ko dala, ya faɗa wa matarsa, ya je jandarma. Geronmu kuwa ya kai mu damina.

Abin da na koya shi ne, ɗan damfarar nan bai mallaki komai nawa ba sai kunne. Sauran duka ni na kawo da bakina, na rubuta da hannuna, na karanta da muryata. Faɗin gaskiya yana da kyau, amma mai tsari na ainihi yakan duba abin da ake tuhumarsa da shi kafin ya amsa laifi.

Saura roƙo ɗaya, mai karatu. In ka zo kasuwar Filinge ranar Lahadi ka ga wani dattijo da kaye a hammata, ya karkato hularsa ta hagu fiye da yadda aka saba, ka gaishe shi kamar kowa. Don Allah ka dube shi a ido.