Goron da Na Tsoma a Ƙaro

Allah ya yafe mini, ni na ɓata goron sunan ɗana, shekarar da muka samu mulkin kai. Wani likita a garin Cadawa ya ce mini ana lulluɓe ƙwayar magani da ƙaro don kada ƙarfinta ya fita. Nan take na jiƙa ƙaro, na tsoma goron don kada ya bushe, na zuba a ƙwarya, ina yi wa matata bayanin ilimi.

Ranar suna surukina ya ɗauki ɗaya, sai ƙwaryar duka ta biyo hannunsa.

"Yaro," in ji shi, "goronka akwai zumunci."

Har yau in na kai masa goro sai ya ɗaga murya: "A kawo gatari, surukina ya zo!"